Inuwar da Ta Riƙe Rundunar Dabarna

A zamanin Sarki Cindo, idan baƙo ya shiga birnin Dabarna, kafin a nuna masa fada sai an kai shi ya ga Ginshiƙin Rana. Wani dogon gini ne na jan dutse a kan tudun gabas, tsayinsa ya kusa na giginya, an kewaye shi da daɓe mai santsi wanda aka cika da zane-zane. Kakan kakan wani dattijo mai suna Tunau ne ya fara abin da sandar gora kawai, yana kafa ta yana zana inda inuwarta ta tsaya da tsakar rana. Ɗansa ya gina na laka, damina ta karkatar da shi, aka yi shuka ba kan lokaci ba, gari ya sha yunwa. Sai aka tayar da na dutse, aka daidaita tsayuwarsa da igiya mai dalma a ƙarshe, aka gwada daɓen da ruwa a tasa har ya kwanta sumul. Daga baya aka haƙa siririyar rijiya a gefensa, wadda ba a jan ruwanta, aka kuma sayi zoben tagulla mai huda daga fataken hamada aka rataye shi da sarƙa.

Mai kula da waɗannan abubuwa uku shi ake kira Sarkin Inuwa. A wannan zamani Tunau ke riƙe da sarautar, dattijo ne da idanunsa suka ƙanƙance saboda kallon rana, ga taurin kai irin na mutumin da bai taɓa yin kuskure a bainar jama'a ba. Babban aikinsa shi ne shelar Ranar Tsaye. A cikin bazara akwai yini guda da inuwar ginshiƙin ke shigewa ƙarƙashinsa da tsakar rana, hasken ya sauka har ƙasan rijiya, ya kuma bi ta hudar zoben ya faɗa kan ɗigon da ke tsakiya. Tun kaka da kakanni, rundunar Dabarna ba ta ƙetare ƙofar gari a bazara sai wannan yini ya zo.

To, a kudancin Dabarna akwai ƙasar Zankara, masu kai hari kowace shekara suna kwashe shanu da mutane. A can bayansu kuma, tafiya mai nisa, akwai Tumbuwa, wadda ita ma ta ji jiki a hannunsu. Sarki Cindo da Sarkin Tumbuwa Hankurau suka ƙulla cewa za su fito lokaci guda su haɗu a Mashigin Ɓaure, su matse Zankara a tsakiya. Matsalar ita ce yadda za a san ranar. Manzanni, Zankarawa na kama su a hanya. Lissafin wata kuwa, malaman biranen biyu ba su taɓa yarda da ganin juna ba. Tunau ne ya miƙe a fada ya ce, "Ranka ya daɗe, rana guda ce a sama, ba a tare ta a hanya, ba a ba ta toshiya." Aka ji daɗin maganar ƙwarai, aka tura magina suka tayar wa Tumbuwa ginshiƙi irin na Dabarna sak, har da daɓensa da rijiyarsa. Da yake mahaifin Cindo ya taɓa saɓa musu alkawari, Tumbuwa suka ce sai an ba su jingina. Cindo ya ba su ɗansa na fari, Ciroma Baidu, da rantsuwar cewa in Ranar Tsaye ta zo rundunar Dabarna ba ta fito ba, jininsa ya halatta gare su.

Wata safiya ana zaman fada, inuwar ginshiƙi na ta raguwa amma ba ta ƙare ba, sai dogarai suka shigo da wani mutum da ƙyar yake tsayuwa. Leɓunansa sun tsage, cinyoyinsa sun saɓule saboda sirdi. Anaruwa ne, jakadan Tumbuwa, wanda duk fadar ta sani tun lokacin ƙulla alkawari. Ya faɗi ya yi gaisuwa, amma gaisuwar ba ta da ɗumi.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Ubangijina Hankurau ya ce in tambaye ka, me Tumbuwa ta yi maka? Ranar Tsaye ta zo, muka buga tambari muka fito kamar yadda aka rantse. Muka iso Mashigin Ɓaure ba mu tarar da ko kashin dokinku ba. Zankarawa suka juyo kanmu gaba ɗayansu, yanzu muna kan tudu cikin shingen ƙaya, sun tsare mana kogi. Ciroma yana hannunmu da rai lokacin da na sulale na fito, domin ubangijina yana jin nauyinka. Amma mayaƙa sun fara tambaya, kuma mai ƙishirwa ba ya daɗe yana tambaya."

Sarki ya juya ya dubi Tunau, kowa ma ya dube shi.

Tunau ya gyara zama ya ce, "Zaki, Ranar Tsaye ba ta zo ba. Jiya na auna, inuwa tana nan a arewacin ginshiƙi, faɗinta ya kai yatsun hannu. Ban san ranar da wannan bawan Allah yake magana a kai ba."

Anaruwa ya ɗago a fusace. "Da idona na gani, baba! Ina tsaye a kan daɓen da maginanka suka yi. Na zagaya ginshiƙin ban sami inuwar da tururuwa za ta fake ba. Na leƙa rijiya, rana ta kashe mini ido daga ƙasa. In ƙarya nake, kada Allah ya mai da ni gida."

"Ni ma in ƙarya nake, kada ya kai ni gobe," in ji Tunau.

Daga nan fada ta rikice. Madawaki Gagare, shugaban mayaƙa, ya fara magana. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni ban san inuwa ba, amma na san tarko. Mutum guda ya ratso dukan rundunar Zankara a kan doki ba a sa masa kibiya ko ɗaya ba? Kama shi suka yi, suka cika masa baki, suka sako shi. So suke mu fito kafin lokaci mu kaɗai, Tumbuwa na gida tana jiran ranarta, su cinye mu a daji. In muka ƙetare ƙofa yau, mun karya al'adar iyaye, mun kuma karya rantsuwar da kanmu."

Galadima Barmo, wanda dama bai taɓa ƙaunar yadda ake girmama tudun gabas ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban zargi jakada ba. Dutse na zarga. Ginshiƙin Tumbuwa sabo ne, namu ya ga sarakuna da yawa. Wa ya ce bai karkace ba? Kuma tun da shamuwa ta dawo bana ta yi sheƙa a kansa, kowa ya gani. Wataƙila inuwar kara da ciyawa Sarkin Inuwa yake aunawa, mu kuwa muna zaune ɗanmu na hannun mutane."

Sai Magajiya Dije, yayar Sarki, wadda ita kaɗai ce mace mai magana a wannan zaure, ta ce, "Cindo, ni ba ruwana da wanda ya yi gaskiya. In jakada ƙarya yake, ka yi asarar tafiya. In gaskiya yake, ka yi asarar Baidu. Ka hau doki."

Madawaki ya ce, "Magajiya, in ƙarya yake ba tafiya za a yi asara ba, runduna ce, da garin da ta bari a baya."

Sarki ya bari hayaniya ta lafa. Sannan ya ce kowa ya tashi, a tafi tudun gabas, yau ba zai ji da kunne ba, da idonsa zai gani.

Aka hau tudu cikin zafin bazara, manyan riguna suna jiƙewa da gumi. Aka sa wani dogari ya hau tsani ya kwashe sheƙar shamuwa, tsuntsayen suna shawagi a sama, tsofaffi na girgiza kai suna cewa wannan ba alheri ba ne. Tunau ya saki igiyar dalma daga ƙolin ginshiƙi ta kowace kusurwa, ta sauka daidai kan alamar da kakanninsa suka sassaƙa. Ya zuba ruwa a tasa ya ɗora a kan daɓe, ruwan bai karkata ko'ina ba. Galadima da kansa ya tsuguna ya duba, ya miƙe yana kaɗe gwiwa. Da rana ta take tsaka, inuwa ta yi ta janyewa, ta yi ta janyewa, sai ta tsaya. Tana nan a arewa, siririya amma tana nan. Aka leƙa rijiya, haske ya sauka a bango ya tsaya bai taɓa ruwa ba. Aka duba zobe, ɗigon hasken ya kauce wa tsakiya.

Anaruwa ya zagaya ginshiƙin sau da yawa kamar wanda ya yar da wani abu. Ya tsuguna ya sa yatsa a kan inuwar, ya ɗago ya dubi rana, ya sake dubanta. Sai hawaye suka zubo masa. Ya ce, "Wallahi tana nan. Kuma wallahi a wurinmu ta tafi. Ni dai ban san abin da zan ce ba kuma."

Wannan kukan shi ya ƙara dagula lissafi, domin maƙaryaci ba ya kuka irin wannan, kuma kowa a wurin ya san haka. Kamar abin bai isa ba, washegari wani farin zobe ya kewaye rana tun hantsi. Aka kira masu duba. Ɗaya ya ce Zankara ce za a kewaye, a fita. Ɗayan ya ce Dabarna ce aka ce ta zauna cikin ganuwarta. Aka ba kowannensu riga aka sallame shi, Sarki bai ƙaru da komai ba.

Ni dai in na zo nan a labarin nan raina yakan ɓaci. Ga mutane masu hankali cike da zaure, babu wawa a cikinsu, babu maci amana, amma kowa ya kama neman wanda ya yi ƙarya, babu wanda ya tsaya ya ce to, in duka biyun gaskiya suka faɗa fa? Tambayar ba ta zo wa kowa ba, har shi Tunau, wanda ya fi kowa cancantar ta zo masa.

Sarki ya kira Tunau shi kaɗai bayan la'asar. Ya ce, "Sarkin Inuwa, yanzu ba sarki ke tambayarka ba, uban Baidu ne. Akwai yadda za a yi Ranar Tsaye ta zo ta wuce ba ka gani ba?"

Tunau ya ce, "Babu, ranka ya daɗe. Abu uku ba sa haɗuwa su yi ƙarya guda. Na ba ka wuyana a kan haka."

Zuciyar Sarki na wajen maganar Magajiya, hankalinsa na wajen ta Madawaki, kuma abin da idonsa ya gani a kan daɓe ya tsaya masa a rai. A ƙarshe ya ce za a jira. Ya sa a ɗaure sirdi, a cika salkuna, kowa ya kwana da makaminsa a kusa, amma ba za a buɗe ƙofa ba. Magajiya ta aiko masa da cewa ba za ta ƙara shiga zaurensa ba sai ta ga Baidu.

Kullum da tsakar rana Sarki na kan tudu, yana kallon inuwar nan tana raguwa kamar ana yi masa rowa. Ya daina cin abinci sai fura. Ran da ta shige ƙarƙashin ginshiƙi, rana ta haska ruwan rijiya, Tunau bai gama buɗe baki ya yi shela ba Sarki ya riga ya sa ƙafa a likkafa. Aka buga tambari, runduna ta fita ta ƙofar kudu, Anaruwa na gaba yana nuna hanya. Sarki ya ce Tunau ma ya hau, tunda wuyansa na cikin maganar.

Tunau ya tafi da ƙaramin abin awonsa, wata sandar ƙarfe da igiyar dalma da faranti na katako mai zane. Ya san yadda inuwa ke yi bayan Ranar Tsaye kamar yadda ya san sunan 'ya'yansa: tana ɓullowa ta kudu, tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan kowace rana, kowane yini da zanensa. A zangon farko ya kafa sandar ya ga inuwar ta ɗan zarce zanen ranar, ya ce ƙasar wurin ce ba ta kwanta ba. A zango na gaba ya share wuri da hannunsa, ya gwada da ruwa, ya kafa da kyau. Ta ƙara zarcewa. Da suka kusa Mashigin Ɓaure, ya tarar da ita a kan zanen da bai kamata ta kai ba sai bayan kwanaki. Ya zauna a ƙasa cikin rana, rawaninsa ya warware bai sani ba, yana ta faɗa wa kansa, "Inuwar nan ta girmi tamu." Ya tashi da gudu irin na tsoho ya nufi inda Sarki yake, amma a daidai lokacin 'yan leƙen asiri suka dawo a sukwane, ƙaho ya tashi, babu mai sauraron kowa.

Zankarawa sun daɗe da sakankancewa cewa Dabarna ba za ta zo ba. Sun juya wa arewa baya, sun zuba dukan ƙarfinsu a kan tudun da Tumbuwa ke ciki, dawakinsu ma da yawa suna bakin kogi babu sirdi. Madawaki Gagare ya raba runduna biyu, ya tura 'yan baka ta cikin kurmi su tsare mashigi, shi kuma ya ja masu lifidi ya afka wa sansanin ta baya. Kafin Zankarawa su gane ƙurar da suke gani ba ta shanu ba ce, an riga an shiga tsakiyarsu. Sarki Cindo ya yi yaƙi ran nan kamar mai neman mutuwa, yana sara yana duban tudu. Da mutanen Tumbuwa suka ga tutocin Dabarna, suka ture shingen ƙaya suka gangaro da sauran ƙarfinsu. Zankarawa suka watse, waɗanda suka nufi ruwa suka tarar da kibau, sarkin yaƙinsu ya faɗi a cikin taɓo, aka kwashe tamburansu. Kafin la'asar ƙasar da ta hana birane biyu barci shekara da shekaru ba ta da runduna.

Makaɗa suka hau kiɗan nasara, mayaƙan biranen biyu na rungumar juna. Sarki Cindo bai sauka daga doki ba. Yana duban masu gangarowa daga tudu ɗaya bayan ɗaya, yana neman fuska guda. Can sai ga Sarki Hankurau yana tahowa a ƙasa, babu rawani, babu takalmi, ya rame har wuyansa ya fito. Ya tsaya a gaban dokin Cindo.

Cindo ya ce, "Ina ɗana?"

Hankurau ya ce, "Ɗan'uwana, na riƙe shi iyakar ƙarfina. Na sa shi a bayana, ina ba shi ruwa daga nawa. Na roƙi mayaƙa su ƙara kwana, suka ƙara, na sake roƙo, suka sake ƙarawa. Shekaranjiya rijiyar da muka tona ta ƙafe, muka binne mutane da yawa da safe. Suka zo mini da rantsuwarka a bakinsu, dole na miƙa musu shi. Bai yi kuka ba. Ya ce a gaya maka ya san kana hanya."

Sarki Cindo ya sauko daga doki. Ya ce, "Na fito a Ranar Tsaye. Ban ƙara ko rabin yini ba. Ga mutanena, tambaye su."

Hankurau ya ce, "Ni ma a Ranar Tsaye na fito. Ga nawa."

Takubba suka fara fita daga kube ta ɓangarorin biyu, mutanen da yanzun nan suke rungumar juna suka ja da baya. Cindo ya ɗaga murya, "To wa ya yi ƙarya? A fito mini da shi! Wa zan kama da jinin Baidu?"

Sai Tunau ya ratso tsakani, sandar ƙarfensa a hannu, ya zube a gaban sarakunan biyu. Ya ce, "Zaki, babu wanda ya yi ƙarya. Na auna a hanya, na sake aunawa. Ranar Tsaye ba ta sauka wa duniya lokaci guda. Tafiya take yi, daga kudu ta nufo arewa, a hankali kamar ayari. Ta fara isa Tumbuwa, ta biyo ta nan, sannan ta iso mu. Kakannina daga wuri guda suka yi ta aunawa, ni ma ban taɓa ɗaga sandar nan na bar tudun gabas ba sai wannan tafiyar. Ni na ce muku ɗaya ce. Ga wuyan da na ba ka."

Madawaki ya zare takobi, ya dubi Sarki yana jiran umarni. Sarki ya dubi tsohon da ke durƙushe, ya dubi Hankurau, ya dubi Anaruwa da ke kuka a gefe. Ya daɗe yana neman wanda zai tsana a cikinsu, bai samu ba, kuma wannan ya fi masa komai ciwo. Ya sa hannu ya sauke takobin Madawaki ƙasa.

Ya juya ga Hankurau ya ce, "Nuna mini inda kuka sa shi."

Sarakunan biyu suka hau tudun a ƙasa, babu mai riƙe musu laima. A can bakin kogi makaɗa na ta kiɗan nasara, domin babu wanda ya tuna ya je ya gaya musu.